Warin Fetur a Lambun Barba Stipe

A duk layinmu Barba Stipe ne ya fara jin warin. Da hantsi ne, a farkon zafi. Ya kunna famfon burtsatsensa yana ba kunyoyin albasa ruwa, sai na ji famfon ya ɗauke. Jim kaɗan ga shi ya tsallako waya ya shigo gidana da gwangwani a hannu, ya miƙo mini har hanci yana cewa, Vesna, shinshina wannan. Na ce masa wannan ai fetur ne, ko injin yankan ciyawa ya wanke a ciki? Ya ce daga bakin famfo ya tara, kuma tun yana saurayi yake shan ruwan nan bai taɓa jin irin haka ba.

Maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni. Iyayensa da kakannina daga tsibiri ɗaya suka taso a yankin Dalmatiya, can ƙetaren teku, suka sayi rairayi gefe da gefe a arewacin birnin Perth suka mai da shi lambu. Shi da mahaifina tare suka tashi, shi ya sa nake ce masa Barba, wato baffa a yarenmu, matarsa kuma Teta Danica, wato inna. Yawancin lambunan yanzu sun koma gidaje masu rufi iri ɗaya. Ni gidan mahaifina kawai na riƙe da ɗan fili a baya. Barba Stipe ya sayar da wani ɓangare, amma ya ƙi rabuwa da na jikin gidansa, inda yake da itacen ɓaure, da inabi, da kunyoyin tumatir, da wata tsohuwar rumfar kwano wadda mahaifinsa ya kafa. Ya kusa tamanin a lokacin, siriri ne, kuma ban taɓa ganin ya gama shan kofi a zaune ba.

Da aka kai ƙara, ma'aikata suka zo suka ɗebi ruwan kowa a kwalabe. Abin da ya fito shi ne fetur ɗin daga tsohon gidan man da ke bakin titi ne, wanda aka rufe tuntuni aka bar tankunansa a ƙasa har suka ruɓe. Aka ce kowa ya kashe burtsatsensa, aka sa wa famfunan kwado. Ruwan sha ba matsala, muna da na gari. Amma lambu a rairayi ba ya rayuwa da ruwan gari, wanda ake ƙayyade ranakun da za ka yi ban ruwa da shi. Bao Trinh, wanda ke noman kayan miya a ƙarshen layi, ya koma sayen ruwa a tanka. Barba Stipe ya tsaya yana kallon albasarsa tana kwanciya.

Bayan wasu watanni aka kira mu taro a zauren unguwa. Wata injiniya ce ta tsaya gabanmu, Kerryn Tonkin, doguwa, fuskarta duk rana ta ƙona, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta yi bayani ba tare da kewaye-kewaye ba. Ta ce fetur ɗin ya tsiyaye ta cikin rairayi ya kwanta a kan ruwan ƙasa, yana tafiya a hankali ta ƙarƙashin gidajenmu ya nufi teku. Ba za su tone unguwar ba. Za su huda ƙananan ramuka su zura bututun ƙarfe har cikin ruwan, su kawo injin da ke haɗa wata iska mai kaifi da ake kira ozon, ya riƙa hura ta ƙasa. Ozon ɗin yana cinye fetur, abin da ya saura kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ƙarasa shi.

Bao ya ce wato allura za su yi wa ƙasa. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce kusan haka ne. Sannan ta roƙi abu biyu. Na farko, kada wanda ya ja ruwa daga ƙasa ko da guga ɗaya ne, don ja yana janyo fetur ɗin zuwa inda ake ja. Na biyu, duk mai wata rijiya ko tsohon rami ya faɗa, saboda iskar nan malalaciya ce, in ta sami hanya mai sauƙi zuwa sama sai ta bi ta bar aikin da aka aike ta, kuma shaƙarta ba ta da kyau ga huhu.

Barba Stipe, wanda tun farkon taron yake tsaye a bakin ƙofa, ya tambayi yaushe za a buɗe masa famfo. Ta ce in abu ya yi kyau, shekara ɗaya zuwa biyu.

"'Yata," ya ce, "kina faɗin shekara biyu kamar a aljihuna suke."

Teta Danica ta juyo daga kujerarta ta ce ya zauna, tsohon jaki, mutane na kallonsa. Bai zauna ba. Da Kerryn ta biyo gida gida tana duba burtsatse, shi da kansa ya kai ta inda nasa yake, ya nuna mata kwadon da aka sa, ya ba ta busasshen ɓaure a leda. Ta tambaye shi ko akwai wani ramin. Ya ce babu.

Suka kafa wata farar kwantena a filin tsohon gidan man, suka kewaye ta da waya. Bututu suka fito daga cikinta suka bi gefen titi a binne, kowanne ya ƙare a wani murfin ƙarfe kamar faranti. Ɗaya yana daidai ƙofar Barba Stipe. Ranar da aka kunna injin muka fara jin sautin da ya zauna da mu: gunji ƙasa-ƙasa, sai wani huci, sai shiru, sai ya koma wani bututun. Ba shi da ƙarfi sosai, amma in kunnenka ya kama shi ba ya saki. Ni kaina na tsinci kaina ina jiransa ina wanke-wanke. Maigidana yana can arewa a ma'adinan ƙarfe, sai ya yi makonni bai zo ba, 'ya'yana sun bar gida, don haka ni da hucin nan muke wuni.

Barba Stipe kuwa abin ya zame masa aiki. Da safe ya tafi bakin wayar kwantenar ya riƙe ta da hannu biyu. Ya dawo ya tsaya a kan murfin ƙofar gidansa ya sunkuya yana saurare. Ya zagaya lambu, ya shiga rumfa, ya fito, ya leƙo gidana ya tambaye ni ko na ji injin ya canja murya. Duk ranar da motar Kerryn ta tsaya, kafin ta sauko yana nan. Ta saba da shi har ta riƙa ce masa Barba ita ma, da irin lafazinta. Takan nuna masa kwalaben da take ɗebowa daga ramukan gwaji, ta ce sai an kai ɗakin bincike za a sani. Shi kuma ya ce a ba shi ya shinshina, hancinsa ya fi ɗakin binciken sauri. Ta ce hancinsa ba shi da lasisi.

Damina ta zo ta wuce, zafi ya dawo. Abin da na lura da shi, ban kuma kawo komai a raina ba, shi ne bayan rumfarsa ya zauna kore. Ɓauren ya yi ganye, inabin ya yi nauyi, tumatirinsa masu tsagi, irin da mahaifinsa ya zo da shi daga tsibiri, suka tashi shar. Da na yi magana ya ce ruwan wanka da na wanki yake tarawa, kuma shi ya san hannun shuka, ba irina ba da nake kashe ko da na'a-na'a.

A wannan lokacin ne Teta Danica ta fara tari. Mace ce mai jiki, ƙafafunta na ciwo, kuma da rana ba inda take son zama kamar rumfar, don ƙasanta katako ne kuma akwai wani sanyi da ke tasowa daga ƙasa. A nan take kitsa tafarnuwa, a nan take cika kwalaben miyar tumatir, rediyonta na gefe. Tarin busasshe ne, idanunta suka riƙa yin ja. Likita ya ce ƙila ƙurar furanni ce, ya ba ta abin shaƙa. Ta kuma fara ƙorafin cewa kayan zamani ba su da aminci: robar murfin kwalabenta duk ta tsattsage, takalman robar Barba da ke rataye sun dare, har tiyon da aka saya bara ya fashe a lanƙwasa. Ta ce da can abu ɗaya sai ka gaji da shi. Na ce haka ne, Teta, muka wuce wurin.

Ita ma Kerryn ta canja. Ta daina tsayawa wasa. Sai ka gan ta ta buɗe wannan murfi, ta rufe, ta koma kwantena, ta fito tana waya tana kai da kawo a bakin titi. Wata rana na kai mata ruwan sanyi, ta gaya mini abin da ke damunta. Ramukan da ke kusa da gidan man suna gyaruwa yadda ake so. Amma a ɓangarenmu fetur ɗin ya karkace daga hanyarsa ya yo wajen gidan Barba, ramin gwajin da ke tsakaninsa da Bao kullum ƙara lalacewa yake, kuma bututun ƙofar Barba ba ya riƙe iska, kamar ana hura balan-balan mai huji. Ta sa an tone an duba bututun, lafiyarsa lau. Ta ce ta yi lissafin nan ta sake yi har ta fara zargin kanta.

Aka sake kiran taro, wannan karon ba dariya. Wani babba daga kamfaninsu ya zo ya ce aikin zai ƙara tsawo. Bao ya miƙe ya ce kuɗin tanka ya kusa cinye shi, ya sallami masu yi masa aiki, yanzu shi da matarsa kaɗai ke tsinka. Wasu suka ce an kawo yarinya tana koyon aiki a kanmu. Kerryn ta zauna tana jin su, kunnuwanta sun yi ja. Na waiwaya in ga me Barba Stipe zai ce, don na ɗauka shi zai fi kowa faɗa. Ba ya nan. Ta taga na hango shi a wajen ajiye motoci yana zagaya motarsa, hannuwa a baya.

Bayan taron rashin zamansa ya ƙaru, amma ya daina zuwa bakin waya. In motar Kerryn ta tsaya sai ya shige bayan gida. Ya riƙa yi wa Teta faɗa ta daina zama a rumfa, ta koma falo ta kunna na'urar sanyi. Ta ce shekara hamsin yana hana ta kunna na'urar don kuɗin wuta, yau kuma shi ne mai tausayinta. Ya kwashe kujerarta ya kai baranda, ta sa jikanta ya mayar. Ya sa wa rumfar kwado, ta ɗauko ɗan makullin daga aljihun wandonsa da ta zo wanki. Ta gaya mini ko cin abinci ba ya yi sosai. Ta dafa masa ganye da dankali da man zaitun, abin da ya fi so, ya ci cokali biyu ya tashi. Ta ce tana jin tsufa ne ya fara taɓa masa kai.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, bayan azahar, iskar teku ba ta taso ba tukuna. Barba ya tafi sayo takin zamani. Na ɗauki kwanon da Teta ta aiko mini da kek a ciki zan mayar, na ji rediyo a rumfa na nufi can. Ƙofar a saye take saboda ƙudaje. Ina turawa wani wari ya daki hancina, mai kaifi, irin wanda ake ji bayan tsawa ta faɗi kusa, haɗe da na fetur. Teta tana ƙasa a jingine da buhu, bakinta a buɗe, tana jan numfashi yana fito. Leɓɓanta sun canja launi. Ta ɗago hannu ta kasa magana.

Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na kama ta ta ƙarƙashin hamata na ja ta baya baya har waje, ƙarƙashin ɓaure, na jingine ta zaune. Na kira motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce in nemo abin shaƙarta, na koma rumfar da gudu na riƙe numfashi. Na kashe rediyon don in ji abin da matar ke faɗa a waya. A cikin shirun nan ne na ji injin can bakin titi ya yi hucinsa, sai kuma a ƙarƙashin ƙafata, ƙasan katakon, wani abu ya amsa, kamar tukunya ta fara tafasa. Na ga wata siririyar wayar lantarki ta fito daga bayan ganga ta shige tsakanin katako biyu.

Motar asibiti na ƙofar gida Barba ya iso. Ya bar motarsa a buɗe a tsakiyar titi. Sun riga sun sa wa Teta abin numfashi a fuska. Ya kama gefen gadon da aka ɗora ta a kai yana kiran sunanta, yana ce mata tsohuwa, tsohuwa, ga ni. Suka ce mutum ɗaya zai iya bin su. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya waiwayo ya kalli rumfar, ya kalle ni.

Na ce, "Barba, me ke ƙarƙashin katakon nan?"

Ya sauke ƙafar. Ya ce wa ma'aikatan su tafi, 'yarsa Marina za ta same su a can. Na kira Marina, sannan na ce masa zan kira Kerryn. Ya ce in ba shi wayar. Na kira ta, na riƙe masa wayar a kunne.

"'Yata, Stipe ne. Ki kashe injinki. Akwai rijiya a gidana. Na yi miki ƙarya."

Ta kashe shi daga inda take, ta waya. Layin ya yi tsit, karon farko cikin kusan shekara. Kafin ta iso ya zauna a kan wani juyayyen bokiti ya gaya mini sauran, yana kallon ƙasa. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar da hannu, ta cikin rairayi har farin dutse, kafin a gina gidan ma. Shi yana yaro yake jan guga yana zubar da ƙasar. Da aka yi burtsatse sai aka rufe ta da katako aka ɗora rumfa a kai, har Teta ta manta da ita, in ma ta taɓa sani. Da aka sa wa famfonsa kwado ya ɗaga katakon ya ɗanɗana, ruwan garau. Ya ce a ransa wannan ba ruwanta da gidan mai, ta girme shi. Ya zura ƙaramin famfo yana ba ɓauren da inabin da tumatirin kullum da sassafe. Daga baya ruwan ya fara wari, rijiyar ta fara kumfa. Ya gane. Tun ranar taro na biyu ya daina ja, ya toshe tsagogin katakon da tsumma, yana cewa gobe zai faɗa, gobe zai faɗa. Abin da ya hana shi, in ji shi, fuskar Bao ce.

Kerryn ta zo da wani abokin aikinta, suka sa abin rufe fuska, suka buɗe ƙofofin rumfar, suka ɗaga katakon. Na leƙa daga nesa. Rijiya ce mai faɗi, an jera mata dutse da kyau, ruwan can ƙasa yana ƙyalli kala-kala. Na'urar hannunta ta yi ta ƙara. Ta fito ta cire abin fuskar ta tsaya gaban Barba. Na ɗauka za ta yi masa ihu, don ni da kaina na so in yi.

"Na tambaye ka, Barba. A tsaye a nan na tambaye ka."

Ya ce haka ne.

"Wata nawa ina zaton ni ce ban iya aikina ba. Wannan da sauƙi. Amma da Vesna ba ta dawo da kwano ba fa?"

Ta juya ta je ta zauna a motarta, ƙofa a buɗe, ta kifa kai a kan sitiyari na ɗan lokaci. Da ta fito sai ta ce mini ita ma da nata: da ta auna iskar cikin kowace rumfa da kowane ɗaki a layin tun da bututun ya fara zubar da iska, ba ta tsaya ga abin da aka gaya mata ba. Ta ce in kai Barba asibiti, ba zai iya tuƙi ba.

Teta ta yi kwanaki a asibiti. Likitoci suka ce huhunta ya ƙone kaɗan, zai warke amma ba zai koma kamar da ba. Marina ce ta gaya mata gaskiyar abin. Da Barba ya shiga da furanni, ta kalle shi ta juya fuska bango. Da aka sallame ta gidan Marina ta wuce, a garin Fremantle na bakin teku.

A cikin makon aka cike rijiyar. Motar siminti ta zo da baya har bakin rumfa, aka zura tiyo mai kauri har ƙasa aka riƙa turawa. Barba ya roƙi a bar shi ya ciro dutse ɗaya daga bakin, Kerryn ta ce ya ɗauka. Bai tsaya kallo ba. Ya ajiye dutsen a baranda ya bi layi da ƙafa har gidan Bao. Ban san me suka ce wa juna ba. Na dai hango su tsaye a tsakanin kunyoyi, Barba da hularsa a hannu, Bao yana ta naɗe tiyo bai ɗago ba. Matar Bao ta gaya mini daga baya cewa mijinta ya ce ya ji, amma kada ya sake shigo masa gona. Hukuma ta rubuto wa Barba gargaɗi, ta bar shi a haka, saboda shekarunsa ina ji. Tumatirin duka aka tuge aka kwashe, an ce ba sa ciwuwa. A coci wasu suka daina zama kusa da shi.

Aka sake kunna injin. Wannan karon bututun ƙofar Barba ya riƙe iska, kuma gwajin da ya biyo baya ya nuna ramin tsakaninsa da Bao ya fara sauka. Kerryn ta gaya wa kowa a layin, shi ma ta ƙwanƙwasa masa ta gaya masa, a tsaye a bakin ƙofa. Ta daina ce masa Barba, ta koma ce masa Mista Radonich.

Shi kuma ya sami sabuwar hanyar zirga-zirga. Kullum da safe ya aske gemu ya sa farar riga ya tuƙa har Fremantle. Teta ta bar shi ya zauna a falo, tana kallon talabijin kamar ba kowa. Ya gyara wa Marina famfon kicin, ya gyara ƙofar gareji, ya sassabe shingen da bai buƙaci sassabe ba, har mijin Marina ya fara ɓoye kayan aikinsa. Da yamma ya dawo gidan da ba kowa, ya zagaya busasshen lambu, ya leƙo wurina ya tambaya ko Teta ta kira ni, ko ta ambace shi. Takan kira ni, amma ba ta ambatarsa, ni kuma ban iya yi masa ƙarya ba.

Sai da zafin ya karye ta yi masa magana. Ina wurin, na kai mata ganye daga kasuwa. Yana tsaye a bakin taga yana karkaɗa makullan mota. Ba ta kalle shi ba ta ce ita fa ba za ta koma gidan nan ba. Ta ce tun tana amarya take bin rairayi da tiyo, bayanta ya tafi, ƙafafunta sun tafi, yanzu huhun ma an karɓa. Tana son ɗaki a sama, kusa da teku, inda ba abin da za a shuka.

"In za ka zo, ka zo. In rairayinka za ka zauna da shi, ka zauna. Kuma ka ajiye makullan nan, sun ishe ni."

Ya ajiye su. Ya ce sai ya yi tunani. Ta ce ya yi a waje.

Ya sa gidan a kasuwa kafin damina. Masu gina gidaje ba su yi ɗoki ba saboda maganar ruwan, sai da aka jima wani ya saya da arha. Ranar tashi ya rarraba kayan lambunsa. Ni ya ba ni baro da almakashin inabi. Ya ajiye wa Bao injin huɗa a bakin ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba, injin ya kwana biyu a nan kafin aka shigar da shi.

Mu kuma aka ci gaba da hura mana iska har wata shekara da 'yan watanni. Sannan aka kashe injin aka jira a ga ko fetur ɗin zai dawo, ya ɗan dawo, aka sake kunnawa. Bao bai iya jira ba, ya kama hayar gona can gaba da gari, yana zuwa yana dawowa. Da aka zo cire mana kwado an riga an mai da Kerryn wani aikin a kudu, wani ne daban ya zo. An ce mu yi ban ruwa amma kada mu sha.

Nakan je wurin Barba da Teta a sabon gidansu ranar Lahadi. Suna hawa na uku, daga barandarsu ana ganin jiragen dakon kaya na shiga. Teta ta rame, tana hawa bene a hankali, amma bakinta na nan. Barba ya sayi sandar kamun kifi, wai ɗan tsibiri ne shi, a jininsa abin yake. Sai dai ba ya iya barin ƙugiya a ruwa. Ya jefa, ya jawo, ya matsa gaba, ya tsaya gaya wa na kusa da shi cewa ba haka ake ɗaura tsutsa ba. Zuwana na ƙarshe ya shigo da la'asar da kifi manya guda biyu a naɗe a farar takarda irin ta masu sayar da kifi, ya ɗora a tebur yana ba mu labarin yadda suka wahalar da shi. Teta ta buɗe takardar ta juya su, ta ga an riga an fere su an cire ƙaya. Ta ce in miƙo mata kaskon da ke ƙasan murhu, shi kuma ya je ya wanke hannu.